Hajijiya: Saƙon Da Ke Fitowa Daga Cikin Kunne Da Ƙwayar Da Ke Rufe Masa Baki

Me ke sa mutum ya kwanta lafiya ƙalau, da asuba ya juya a kan shimfiɗa, sai ya ga ɗaki ya kama zagayawa da shi kamar fanka? Kuma ƙwayar nan da ake saya a tiren mai talla, wadda ke kwantar da abin cikin awa guda, warkarwa take yi ko rufe bakin ciwon kawai?

Duk shekara idan zafin Afrilu da Mayu ya kankama a Damagaram, ma'auni ya haura 40, zancen jiri sai ya cika fada da gidajen suna. Amsoshin da ake bayarwa ba sa wuce uku. Wani ya ce tansiyo ce ta hau. Wata ta ce jini ne ya ƙare, a nemo zogale da hanta. Idan abin ya kama mutum da almuru ko a gindin tsamiya, sai a ce iska ce. Kunne kuwa ba ya shiga lissafi, don a wurin yawancinmu aikinsa ji ne kawai. Alhali can cikinsa ne ma'aunin tsayuwar ɗan Adam yake, kuma sai an gane yadda wannan ma'auni ke aika saƙo za a san ranar da ƙwayar jiri take taimako da ranar da take jan ciwo.

Jiri daban, hajijiya daban

Muna da kalmomi biyu masu kyau amma muna cakuɗa su. Akwai jirin da mutum ke ji idan ya miƙe zumbur daga zaune: ido ya yi duhu, ƙafa ta yi sanyi, ya ji kamar zai suma. Wannan yawanci jini ne bai isa kai da wuri ba, saboda ƙishirwa, azumi cikin zafi, ƙarancin jini, ko maganin tansiyo da ya yi ƙarfi. A nan masu cewa jini ne suna da gaskiya.

Hajijiya kuwa juyawa ce. Mutum yana tsaye cak amma duniya na gudu da shi, ko shi yana gudu a cikinta, sau da yawa da tashin zuciya da gumi. Irin wannan yawanci daga kunnen ciki take, ko daga tashoshin ƙwaƙwalwa da ke karɓar saƙonsa.

Ba mu kaɗai muka taɓa ɗora laifin a kan jini ba. Har tsakiyar ƙarni na 19 likitocin Turai suna ɗaukar hajijiya a matsayin taruwar jini a ƙwaƙwalwa, suna zubar wa majiyyaci jini, kusan yadda ake kiran wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya. A 1861 ne wani likitan kurame a birnin Paris, Prosper Ménière, ya tsaya gaban majalisar likitocin Faransa ya ce ciwon na iya fitowa daga cikin kunne. Da sunansa ake kiran ɗaya daga cikin cututtukan har yau.

Abin da ke bayan dodon kunne

Idan aka wuce dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku da ke bayansa, akwai wani kogo a cikin ƙashin kai wanda duka-dukansa bai wuce kan ɗan yatsa ba. Gefe guda nasa na ji ne, mai siffar katantanwa. Ɗaya gefen na daidaito ne, kuma gaɓoɓi 5 gare shi a kowane kunne.

Uku daga ciki bututu ne masu lanƙwasa kamar awarwaro, cike da ruwa, kowanne yana fuskantar nasa ɓangaren, ta yadda duk inda kai ya juya, ko girgizawa ce ta a'a, ko gyaɗawa ta i, ko karkatawa zuwa kafaɗa, akwai wanda zai ji. Ka ɗauki ƙwarya da ruwa ka juya ta da sauri: ƙwaryar ta tafi, ruwan ya ɗan tsaya a baya. Ka tsayar da ita, ruwan ya ci gaba da juyi shi kaɗai. Abin da ke faruwa ke nan ga yaran da ke wasan juyi a tsakar gida. Sun tsaya, ruwan kunnensu bai tsaya ba, sai su zube suna dariya.

Sauran biyun ƴan jakunkuna ne, kuma a cikinsu akwai wata shimfiɗa mai danƙo da aka barbaɗa wa ƙananan tsakuwa, irin sinadarin alli da ɓawon ƙwai. Nauyin tsakuwar ne ke gaya wa jiki ina sama ina ƙasa, ko da ido a rufe, shi ne kuma ke ji idan ɗan kabu-kabu ya fizgi babur ko ya taka birki.

Yadda motsi ke komawa saƙo

A nan ne maganar take da daɗi, don nan ne hikimar halittar ta fi fitowa.

A ƙasan ruwan da tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta masu tukkun gashi a kansu, gashin a jere daga gajere zuwa dogo kamar matakala, kowanne ɗaure da na kusa da shi da wani siririn zare. Idan ruwa ya tura gashin wajen mafi tsawo, zaren ya ja, sai wasu ƙofofi su buɗe. Ruwan da ke wannan kogo ya sha bamban da sauran ruwan da ke kewaye da ƙwayoyin jiki: sinadarin fotasiyam ya yi yawa a cikinsa, gishirin sodiyam kaɗan ne. Fotasiyam ya kwarara ciki, lantarkin ƙwayar ya canza, kalsiyam ya shiga ta gindinta. Idan kuma aka tura gashin baya, ƙofofin su rufe, ƙwayar ta lafa.

To amma ƙwayar gashi ba a manne take da jijiya ba. (Jijiya a bakinmu tana ɗaukar hanyar jini da igiyar nama duka. A nan ina nufin wayar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.) Tsakaninsu akwai wani ɗan rami da faɗinsa bai wuce milimita 1 a raba ta gida 50,000 ba. Lantarki ba ya tsallake shi kai tsaye a yawancin mahaɗa, sai an aiki ɗan saƙo. Ƙwayar tana da ƴan ƙunshi cike da wani sinadari a jere a bakin ramin, shigowar kalsiyam ce ke sa su fashe, sinadarin ya haye, ya zauna a mazauninsa a jikin jijiya kamar makulli a kwaɗo, jijiyar ta harba. Irin waɗannan sinadarai su nake kira ƴan aike, kuma babban ɗan aiken kunne sunansa gulutamet.

Wanda ya san girki zai ce ai wannan sunan na farin magi ne. Haka ne, sinadarin ɗaya ne. Sai dai na kunne jiki ne ke haɗa abinsa a wurin, na cikin miya kuwa hanji ne ke cinye mafi yawansa, kuma akwai katanga tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare saura. Mai hajijiya bai warke don ya bar magi ba, bai kuma kamu don ya ci ba.

A 1956 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Jan Wersäll, ya nuna da madubin lantarki cewa ƙwayoyin gashin daidaito iri biyu ne. Iri na biyu jijiya na taɓa shi ne da ƴan ƙananan kawuna. Iri na farko kuwa jijiyar ta rungume shi gaba ɗaya, kamar yadda faifai ke rufe ƙwarya ko ƙoƙo ke riƙe ƙwai. A wannan matsattsen wuri, ban da gulutamet, fotasiyam ɗin da ƙwayar ke fitarwa yana taruwa ya motsa jijiyar kai tsaye ba tare da jiran ɗan aike ba. Amfaninsa sauri ne. Daga motsin kai zuwa gyaran da ido ke yi bai wuce kashi 1 cikin 100 na sakan ba, shi ya sa kana bayan babur a hanyar da ta lalace kana iya karanta allon shago.

Saƙon ba hanya ɗaya yake bi ba. Ƙwaƙwalwa ma tana da wayoyin da ke komawa kunne, kuma ɗan aikensu asetilkolin ne, wanda ke ƙara ko rage kaifin jin ƙwayoyin gashin.

Makaɗa biyu da ba sa ajiye gula

Ga abin da ya fi muhimmanci a duk wannan bayani. Jijiyar daidaito ba ta jiran motsi kafin ta yi magana. Ko kana barci tana bugawa. A 1971 masana biyu a Jami'ar Chicago ta Amurka, Jay Goldberg da César Fernández, sun auna a jikin wani ƙaramin biri suka samu, a matsakaici, zaren jijiyar yana harbawa kusan sau 90 a sakan alhali kai bai motsa ba.

Ka ɗauka makaɗa biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kiɗa ɗaya ba dare ba rana, ƙwaƙwalwa na zaune a tsakiya tana saurare. Idan ka juya dama, na dama ya ƙara sauri, na hagu ya rage. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne labarin. Tashoshin da ke karɓar kiɗan, guda 4 a kowane gefe a gindin ƙwaƙwalwa, suna kuma danne juna ta hanyar wasu ƴan aike masu sanyaya jijiya, GABA da gilisin, don bambancin ya ƙara fitowa sarai.

Yanzu a ce kumburi ya kama jijiyar hagu, makaɗin ya yi shiru. Na dama yana nan yana buga 90 ɗinsa na kullum. Ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar sanin cewa ciwo ne, abin da ta sani shi ne dama ta fi hagu, wato ana juyawa. Sai ta umarci ido ya bi juyin da babu shi, ido ya riƙa fizga, ɗaki ya kama zagaye. Majiyyacin da ke cewa ƙasa na gudu ba ƙarya yake ba, ba kuma raki ba ne. Ainihin saƙon da ya isa gare shi ke nan.

Ko ruwan sanyi na iya haddasa wannan. Robert Bárány, likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya lura cewa wanke kunne da ruwa mai sanyi ko mai zafi yana sa hajijiya, don yana motsa ruwan bututun gefe guda. Ya mayar da abin hanyar gwaji, aka ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Masu ɗura wa yara ruwan randa a kunne su riƙe wannan.

Ina amai ya shigo?

Tashoshin daidaito suna da hanya zuwa cibiyar amai, kuma manyan ƴan aiken wannan hanya su ne histamin da asetilkolin. Wanda ya taɓa zama a bayan bas daga Zinder zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, ko ya bi hanyar Tanut, ya san abin. Idonsa na kan waya ko bayan kujera, yana cewa ba a motsi. Kunne na cewa ana tsalle ana lilo. Saɓanin shaidun biyu ne ke tayar da zuciya. Shi ya sa direba ba ya amai, shi ya sa kuma zama a gaba da kallon nesa ke taimako.

Kusan duk ƙwayoyin jiri a nan suke aiki. Furometazin, wanda aka fi sani da Phénergan, da dimenhidirinat da sinarizin suna toshe mazaunin histamin. Sikofolamin na toshe na asetilkolin, kuma shi ne ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin zaƙami, abin da ya isa ya nuna ƙarfinsa idan ba a auna shi ba. Diyazefam yana ƙara wa GABA ƙarfi, ya sanyaya komai. Babu ɗaya a cikinsu da ke ta da makaɗin da ya yi shiru. Mai sauraron suke sa wa gyangyaɗi.

Gardamar ƙwayar jiri

Mai ciwo yana da hujja, kuma ba na raina ta. Wanda ya kwana biyu yana amai, ba ya iya ɗaga kai, ruwa ma ba ya zama a cikinsa a wannan zafi, yana bukatar sauƙi yanzu. Likitoci ma sun yarda da haka: a kwanaki 2 zuwa 3 na farko na hajijiya mai tsanani, waɗannan magunguna rahama ne.

Inda aka rabu shi ne bayan nan. Ƙwaƙwalwa tana da baiwar gyara kanta. Idan kiɗan gefe guda ya ragu, cikin kwanaki zuwa makonni tashoshin nan, da taimakon ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, suna sake auna ma'auni har shiru ya daina zama kamar juyi. Sharaɗin shi ne ta ji kuskuren. Dole mutum ya tashi, ya juya kai, ya yi tafiya, ya ɗan ji jirin, kafin gyaran ya zauna. Tun shekarun 1940 likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara motsa ido da kai da jiki don wannan. Wanda ya kwanta a ɗaki mai duhu yana haɗiyar ƙwaya safe da yamma har wata guda ya hana ƙwaƙwalwarsa darasin. Ciwon mako biyu sai ya koma na wata shida, shi kuma yana ganin ƙwayar ce ke riƙe da shi.

Tsofaffi sun fi cutuwa. Magungunan na sa barci da bushewar baki, suna iya riƙe fitsari ga dattijo mai kumburin furostat, wato ƙullin da ke gindin mafitsara, sinarizin kuma idan aka daɗe ana sha yana iya kawo rawar hannu da sanɗarewar jiki. Tsohuwar da ta tashi alwalar asuba da mayen ƙwaya a kanta ta fi kusa da faɗuwa, kuma karayar ƙugu a wannan shekaru ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai magunguna biyu da ake yawan gani a takardun likita a ƙasashen da ke bin tsarin Faransa. Betahistin yana aiki ne a kan mazaunan histamin ta wata fuska dabam, ba ya sa barci sosai, kuma likitoci da yawa suna ba masu cutar Ménière. Amma wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan majiyyata 221, aka buga a 2016, bai ga ya rage yawan tashin ciwon fiye da ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Tanganil kuwa yana kasuwar Faransa tun 1957, mutane na yabonsa, gwaje-gwajen da ke bayansa ba su da ƙarfi. Ra'ayina shi ne idan likita ya rubuta bayan ya duba, a sha yadda ya ce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki tsohon kwali a riƙa sabuntawa a farmasi shekara da shekaru ba wanda ya sake leƙa kunnen.

Tramol ba ya cikin maganin jiri ko kaɗan. Shi kansa yana cikin masu kawo shi.

Tsakuwar da ta ɓata hanya

Goggona da ke cikin Birni ta yi wata biyu tana salla a zaune. Na je gaishe ta na tarar da ƙullin ƙwayoyi kala uku a ƙarƙashin matashi.

"Goggo, yaushe abin yake kama ki?"

"Ɗan nan, in na yi ruku'u, ko na kai goshi ƙasa, ko na juya dama a kan gado. Ya ɗauke ni kamar guguwa, kafin in gama salati ya sake ni."

Wannan siffa, juyi mai ƙarfi da ke zuwa da sauya matsayin kai ya wuce kafin minti guda, ita ce hajijiyar kunne da ta fi kowace yawa. Ƴan tsakuwar nan ne wasu suka ɓalle daga jakarsu suka faɗa cikin bututu. Duk sanda kai ya sunkuya sai su gangara, su ja ruwa, gashi ya lanƙwasa, gulutamet ya zuba, jijiya ta kai rahoton juyin da ba a yi ba. Ƴan aiken lafiyarsu lau, abin da aka ba su suka kai. Don haka ƙwaya ba ta da abin gyarawa a nan.

Ana gane shi da gwajin da Dix da Hallpike suka bayyana a 1952: a kwantar da mutum da sauri kai a karkace, a kalli fizgar idonsa. Ana maganinsa da hannu, a jujjuya kai mataki-mataki har tsakuwar ta koma gidanta, ta hanyar da John Epley na Amurka ko Alain Semont na Faransa suka tsara. Ba ya cin minti 10. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta wa ORL a ƙofa, ya yi wa Goggo sau biyu, ta koma sujadarta. Yana iya dawowa bayan watanni, a sake yi.

Cutar Ménière dabam take: tashinta na ɗaukar minti 20 zuwa sa'o'i, da ƙugi a kunne da raguwar ji. Ciwon ɓarin kai ma na kawo hajijiya, wani lokaci ba tare da kan ya yi ciwo ba.

Akwai kuma wadda ba a kwana da ita a gida. Idan hajijiya ta zo farat ɗaya tare da ganin abu biyu-biyu, ko harshe ya karye, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa sun mutu, ko mutum ya kasa zama ma ba tallafi, ko ciwon kai mai tsanani, musamman ga mai tansiyo ko ciwon suga, to ana tsoron shanyewar jiki ce ta taɓa gindin ƙwaƙwalwa. Babban asibiti za a nufa a sa'ar, ba tiren magani ba.

Allurar da ke kashe gashin

Jantamisin allura ce mai araha da ke ceton rai, musamman jarirai masu cutar jini, kuma ba za a iya yin asibiti ba ita ba. Ita da ƴar uwarta sitireftomisin, tsohuwar allurar tarin fuka, suna shiga ƙwayar gashi ta ƙofofin nan da fotasiyam ke bi, su taru a ciki, su kashe ta, kuma iri na farko, wanda jijiya ta rungume gaba ɗaya, suka fi kamawa. Kaza da tantabara suna sake tsiro da nasu idan sun mutu. Ɗan Adam kusan ba ya yi.

Da yake kunnuwan biyu suke lalacewa tare, makaɗan biyu suna yin shiru a lokaci guda, babu bambancin da zai sa ɗaki ya juya. Shi ya sa ake makara ba a gane ba. Mutum dai ya tashi daga jinya ya ga in yana tafiya duniya na rawa a idonsa kamar hoton waya a hannun mai gudu, ba ya gane fuskar mai zuwa sai ya tsaya, da dare kuma ko a kan rairayi sai ya dafa bango. Kinin ma na sa ƙugin kunne da jiri, amma nasa yawanci yana wucewa idan an gama sha.

Haɗarin ya fi yawa ga tsoho, ga mai ciwon ƙoda, ga wanda ruwan jikinsa ya ƙafe, da wanda aka daɗe ana yi wa. Duk waɗannan suna haɗuwa a allurar gida, wadda ake kiran wani ya zo ya yi don zazzaɓi ko ƙaiƙayin fitsari, ba awon nauyi, ba gwajin ƙoda, ba ƙidayar kwana. Wanda ake yi wa jantamisin a asibiti, ko mai jinyarsa, idan ya ji tafiya ta fara sauya masa ko kunne ya fara ƙugi, ya faɗa wa likita a ranar, kafin a ɗura ta gaba.